Lambar Masar da Sunan Ummi

Shekaranjiya da hantsi ina zaune a bencin da na saba zama a Sabon Gari, gefen rumfar masu POS, sai ga wani ɗalibin jami'a da waya a hannu, ko gaisuwar kirki bai ƙarasa ba. Wai yayansa da ke Ingila zai turo masa kuɗi, an tambaye shi wata lamba wai ita aiban, shi kuwa ya juya katinsa gaba da baya bai gani ba. Na ce masa mu a Najeriya ba mu da aiban, ya ba da lambar asusunsa guda goma da suwif, wato adireshin bankinsa a duniya, ya wadatar. Sai ya ce, "Au, shi ke nan? Baba, ashe aikin naku very simple ne. Kwafi ne kawai da liƙawa."

Na yi dariya har hulata ta karkace. Shekara talatin da biyu na yi a kan wannan "shi ke nan" ɗin, kafin na ajiye aikin banki na dawo benci. Ban ga laifinsa ba. Ku yaran yanzu kuna danna lamba goma a waya, sunan mutum ya fito muku da kansa, sai ku ɗauka haka duniya ta taso. To bari in ba ku labarin lokacin da suna ba ya fitowa sai an nemo shi.

Cekin farko da aka ba ni in shigar, a Kano ne, a teburin wata mata da ake kira Hajiya Talatu, wadda ita ta koya min aiki. A ƙasan kowane ceki akwai layin lambobi, a ciki akwai guda tara da muke kira sot kod, wato lambar reshe. Ukun farko na banki ne, sauran su ne ke nuna garin da reshen yake da kuma wane reshe. Na kwafe taran nan cikin sauri don a ga ni ɗan boko ne, ashe na sa bakwai a gurbin huɗu, huɗu a gurbin bakwai. Cekin da ya kamata ya tafi Jos ya kama wata hanya daban. Mako uku mai shi, wani mai sayar da fata, yana zuwa kullum da safe ya tsaya a gabana. Bai taɓa zagina ba, gaishe ni kawai yake yi ya tambayi mutanen gida, ya tsaya. Da zagin ya yi da ya fi min sauƙi.

Ranar da cekin ya dawo Hajiya Talatu ta kira ni gefenta. Ta buɗe durowa ta miƙo min rula ta ƙarfe da jan biro, ta turo min littafin lambobin rassa, mai kaurin da ake iya tare ƙofa da shi. Ta nuna min yadda ake yi. Ka rufe lambar da rula, ka buɗe huɗu huɗu, ka karanta da baki a fili. In ka kai ƙarshe, ka dawo da baya kana karantawa daga ƙarshe zuwa farko. Ta ce, "Inuwa, ido maƙaryaci ne, abin da yake so yake gani. Baki ya fi shi tsoron Allah." Dokarta ta biyu kuwa a kan suna ce. Duk wanda ya zauna a gabanta sai ta ce, "Sunan yanka nake tambaya, ba na tsakar gida ba." In ya faɗa, ta maimaita masa, sai ya amsa sannan ta rubuta. Mun sha yi mata dariya a bayan ido, muna cewa ko mijinta ne ya zo sai ta tambaye shi sunan yanka.

Da aka mayar da ni Wudil, da rular na taho. A lokacin aikinmu na Juma'a ne, ranar kara, wato kasuwar shanu. Fatake daga kudu su zo da ceki, masu shanu su zo da kokwanto, ni ina tsakiya ina bayanin dalilin da ya sa takarda za ta yi kwanaki kafin ta zama kuɗi. Daga baya aka mayar da lambar asusun kowa guda goma, kowane banki iri ɗaya. Ba na jin a cikinku akwai wanda ya san ta goman nan ba ta cikin lissafin asusu. Mai gadi ce. Daga lambar banki da sauran taran ake fitar da ita, in ka kuskure ɗaya a tsakiya sai ta ƙi buɗe ƙofa. Wannan mai gadin ne yake cetonku kullum kuna tura kuɗi kuna hira da budurwa, ba ku taɓa ce masa sannu ba.

Jami'ar da ke Wudil ce ta kawo mana aikin ƙasashen waje. Malamai suna tafiya ƙarin karatu, ɗalibai suna neman gurbi, sai teburina ya zama kamar tasha. A nan na gane kowace ƙasa da irin rigimarta. Mutanen Ingila lambar reshensu shida ce, biyu biyu, asusu takwas, a taƙaice kamar gaisuwarsu. Amurka tara suke so, kuma ba irin tamu ba. Indiya sha ɗaya, haruffa da lambobi a cakuɗe. Ƙasashe da yawa kuma suka haɗa komai a layi ɗaya mai tsawo, shi ne aiban: haruffa biyu na ƙasa, masu gadi biyu, sannan banki da asusu. Na Saudiyya ashirin da huɗu ne, na Masar ashirin da tara. Shi kuwa suwif adireshin bankin ne a duniya, takwas ko sha ɗaya. Duk wannan a kaina yake, in aka tashe ni daga barcin rana zan faɗa. Abin da ba ku sani ba shi ne, in kuɗi zai ƙetare iyaka babu sunan da zai fito maka a allo. Kai ne za ka rubuta suna, can kuma a gwada shi da lambar. In suka dace a biya, in ba su dace ba a riƙe.

Na yi shekaru takardata ba ta dawo ba, har ake ce min Inuwa Rula. Ni ma na fara yarda da kaina fiye da kima, wanda shi ne ciwon da ke kama tsohon ma'aikaci.

A shekarar da dala ta yi wuya, kowa yana zuwa da fuska a ɗaure, wani mutumin Ɗankaza ya zo min. Malam Buba, manomi ne mai 'yan shanu, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni. 'Yarsa tana karatun likita a Masar. Gwamnati ce ta fara ɗaukar nauyinta, daga baya abin ya tsaya, shi ya ci gaba. Wannan karon kuɗin jarrabawar shekara ne, kuma makarantar ta sa rana: wanda bai biya ba zuwa wata Lahadi, sai ya maimaita aji. Ya sayar da bijimai biyu a kara, muka sha wahala muka samo masa dala. Da muka zo cike takarda na ce ya ba ni lambar. Na miƙa hannu ina jiran waya ko takarda, sai mutumin nan ya gyara zama ya fara, "E, da G," ya bi lambobin nan ɗaya bayan ɗaya har ashirin da tara. Bai iya karatu ba. Yarinyar ta turo ta wayarsa, aka karanta masa, ya haddace a hanyar gona. Na karɓi wayar na ɗora rula, ko ɗaya bai kuskure ba. Na ce ya dawo da baya, don tsokana. Ya dawo da baya.

Abin ya burge ni har na kira abokan aiki su zo su ji. A cikin wannan raha ne na ce, "To Malam, sunanta fa?" Ya ce, "Ummi." Na rubuta Ummi Abubakar, na buga hatimi, muka yi sallama. Yarinyar ba ta turo suna a saƙonta ba, tunda ai babanta ya san sunanta.

Ranar Talata ta makon da ya biyo baya saƙo ya sauko daga hedikwata. Bankin Masar ya riƙe kuɗin, suna bai dace da asusu ba. In ba a gyara ba kafin su tashi aiki ranar Alhamis, za su maido. Ku gane, su can Juma'a da Asabar suke hutu, kuma agogonsu yana gaba da namu. Kuɗin da aka maido kuwa makonni yake yi a hanya, ya iso an gutsure shi. Lahadin nan mai zuwa ita ce ranar ƙarshe ta biya. Wato in Alhamis ta wuce, shekarar yarinya ta tafi, da bijimai biyu a kai.

Na sake bin lambar sau uku, lafiyarta lau. Na ce to wataƙila ta ƙara sunan kaka ko na gari a fasfo. Na kira Malam Buba, waya a kashe, ya bi shanu fadama. Lambar wayar yarinyar kuma a wayarsa kaɗai take. Na aika mai babur, na aika ta bakin masu nono. Sai ranar Alhamis wajen sha biyu ya shigo, hedikwata kuwa sun ce ƙarfe ɗaya za su rufe karɓar gyara.

"Salamu alaikum. Malam Inuwa, an wuni lafiya? Ya aiki? Ya iyali? Ya muka ji da zafi?"

Na amsa duka, ina kallon agogon bango ta saman hularsa. Na gaya masa abin da ya faru. Muka kira yarinyar, waya a kashe. Ya ce ai ranar Alhamis a asibiti suke wuni, ba ta kunnawa sai bayan la'asar. Na jawo takardar na dube ta, sai muryar Hajiya Talatu ta faɗo min a ka, ita da ta yi shekaru da rasuwa.

Na ce, "Malam, Ummi sunan yanka ne?"

Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. "A'a. Sunan tsohuwa ne aka mayar mata."

"Ita ce ta fari?"

"Ita ce."

Kunya ta rufe ni. Ni Bahaushe, ɗan Bahaushe, wanda nake da ɗan fari da har ya yi aure ban taɓa kiran sunansa ba sai dai Abba. Na san Ummi alkunya ce tun kafin in san banki. Na tsaya kallon mutum yana zuba lamba ashirin da tara, na manta tambayar da ake koya wa ɗan koyo a makon farko.

Na sassauta murya na ce, "To Malam, sai ka daure ka faɗa min sunan."

Bai ɗago ba. Sunan 'yar fari ne, kuma sunan mahaifiyarsa ne, kunya biyu a kan suna ɗaya. Tun da aka haife shi bai taɓa furta shi ba.

Manajanmu na lokacin yaro ne ɗan birni, mai kirki, amma komai nasa da gudu. Ya fito ya ji abin da ake ciki, ya ce, "Haba Baba, suna ne fa kawai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Malam Buba ya dube shi a hankali ya ce, "Yaro, da nawa cibin ne da tuni na buɗe."

Na miƙa masa biro na ce ko da ajami ne ya rubuta. Ya ce hannunsa sanda ya sani da fartanya. Muka kira ƙaninsa Sale. Na yi masa bayani, sai ya ce, "Haba Malam, ai uwar tamu ɗaya ce." Muka kira uwar yarinya. Ta gaishe ni da kyau, ta tambayi aiki, da na zo kan maganar sai ta ce tuwonta zai kama, ta kashe. Aka ba wa ƙaramar ƙanwarta waya, ta ce, "Sunanta Yaya Ummi mana." Duk wanda ya san sunan ba zai iya faɗa ba, duk wanda zai iya faɗa bai san shi ba. Sha biyu da rabi ta gota.

Sai na ce bari in yi dabara. Ni zan riƙa faɗa, in na dace ya ɗaga kai kawai. A'isha. Fatima. Hauwa'u. Hadiza. Yana girgiza kai. Amina, Zainabu, Maryamu, Halima, Rabi, Sa'adatu. Matan da ke kan kanta suka shigo ciki, kowace tana ba da nata da na kakarta. Bilkisu, Asma'u, Ramatu, Safiya, Habiba. Wani mai jiran layi ma ya jefo Saratu. Banki ya koma kamar gidan suna, mutumin nan yana zaune gumi yana bin wuyansa, yana girgiza kai. Sunaye suka ƙare min, ni da nake taƙama da lambobin ƙasashen duniya. Saura minti ashirin. Gaskiya na ji tsoro, don na san in shekarar nan ta faɗi, hannuna ne ya ture ta.

Ya daɗe yana kallon takardar da ba zai iya karantawa ba. Can sai ya zare takalmansa, ya ɗan juya kujerar ta fuskanci gabas, ya ce, "Malam Inuwa, gobe Juma'a. Taya ni mu yi wa tsohuwa addu'a."

Manaja ya dubi agogo ya dube ni. Ni ma saura kaɗan in ce masa ba lokacinta ba ne. Allah ya taimake ni na kama bakina na ɗaga hannu.

Ya fara da salati. Muryarsa ƙasa ƙasa, sai da na matso. "Ya Allah, ka jiƙan baiwarka Barira 'yar Idi. Ka haskaka kabarinta, ka yafe mata kurakuranta, ka saka mata da wahalar da ta sha a kanmu. Wadda ta ci sunanta kuma, ya Allah, kar ka bari shekararta ta faɗi."

Hannuna na hagu yana sama ina cewa amin, na dama yana rubutu. Allah ya yafe min, ban taɓa yin addu'a da biro a hannu ba sai ranar. Har mai Saratu ya ɗaga hannu.

Amma dokar Hajiya Talatu sau biyu ce, kuma ni na riga na ga abin da sau ɗaya ya jawo min. Ba zan ce masa ya maimaita ba. Sai na shafa, na dube shi na ce, "Allah ya jiƙan Barira."

Ya ce, "Amin."

Na rubuta Barira Abubakar da manyan baƙaƙe, na ɗora rula na bi harafi harafi, gaba da baya. Saura minti goma gyaran ya tafi. Malam Buba ya mayar da takalmansa ya fita bai dubi kowa ba, ko sallama bai yi ba, shi da gaisuwarsa ke cin minti biyar. Ranar Litinin ya dawo da ƙwaryar kindirmo a bayan babur. Kuɗi ya shiga ranar Lahadi da safe, ta biya kafin azahar. Bai ta da maganar Alhamis ba, ni ma ban ta da ba. Muka yi hirar taki da farashin shanu.

Daga ranar har na bar aiki, duk wanda ya ce min Ummi, ko Abba, ko Baffa, ko Mama, ko Walida, sai na ajiye biro. Ba na tambayar uba, sai in ce ya turo min da takarda ko wani ɗan gidan da bakinsa ba shi da nauyi. Sababbin ma'aikata suna yi min dariya a bayan ido, na sani, ina jinsu.

Bara da damina, bayan na ajiye aiki, ina kan bencin nan babur ya tsaya. Malam Buba ne da wata doguwar yarinya mai tabarau a bayansa. Ta gama, ta dawo. Ya kawo ta ta gaishe ni. Ta durƙusa har ƙasa, na ce, "Sannu da zuwa, Dokta Barira." Nan take uban ya tuna tayar babur ɗinsa tana son iska, ya tura shi wajen mai faci a tsallaken titi.

Ta zauna a gefen benci ta ce, "Baba, akwai abin da nake so in tambaye ka. Da na kunna waya ranar nan na ga kiranku, na ce shi ke nan, an gama da ni. Waye ya gaya maka sunana? Na tambayi Baffa Sale ya ce ba shi ba ne. Innata ta ce ba ita ba ce."

Na ce, "Babanki ne."

Ta zare tabarau. "Baba? Shi ya faɗa maka da bakinsa?"

"Ba ni ya faɗa wa ba. Allah ya faɗa wa, ni dai ina kusa ne na ji."

Na ba ta labarin yadda aka yi. Ta juya tana kallon tsallaken titi, inda yake tsaye yana nuna wa mai faci tayar da lafiyarta ƙalau. Sannan ta ce, "Yaya ya faɗe shi?"

Na ce, "A hankali. Kamar yana tsoron kar ya fashe."

Ta goge ido da bakin mayafi ta ce, "Ni ban taɓa ji ba."

Daga can ya buga hon sau biyu ya ɗaga murya, "Ummi! Taso mu tafi, hadari na haɗowa."

Ta ce, "Na'am, Baba," ta tashi.